Fili nawa ne, me ya sa sai na nemi izini kafin in gina wurin shaƙatawa?

Masu son zuba kuɗi a otal ko lambun shaƙatawa ko wurin wasan yara kusan tambayoyinsu iri ɗaya ne idan maganar hukumar tsara birane ta taso, to ga su nan da amsoshinsu.

Na sayi fili, takarduna sun cika, wane izini kuma?

Ai takardar mallaka daban, izinin gini daban. Ta farko cewa take filin naka ne, na biyun shi yake faɗin abin da zaka iya ɗorawa a kai, kuma kusan ko'ina a duniya haka abin yake. Birnin New York tun 1916 ya raba kansa shiyya-shiyya, nan gidaje, can kasuwanci, can masana'antu, Birtaniya kuma a 1947 ta yi dokar da ta ce mallakar fili kaɗai bata baka damar yin gini ba sai ƙaramar hukuma ta sa hannu. Inda mutane suka fi faɗawa shine canjin amfani, wato filin a rubuce gona ce ko unguwar zama kai kuma kana so ka mayar da shi wurin da jama'a zasu riƙa tururuwa, to ko bulo ɗaya baka aza ba wannan canjin kansa sai an nema.

To me suke dubawa haka da har ake ɗaukar watanni?

Ba zanen ginin kaɗai ba. Kai kana kallon cikin katangarka, su suna kallon wajenta. Ranar hutu idan motoci suka cika fakin ina sauran zasu tsaya, a ƙofar gidajen mutane? Motar kashe gobara zata iya shiga? Ruwan da zaka cika wurin ninƙaya da shi ka kuma shayar da ciyawa daga ina zaka jawo, rijiyoyin maƙwabta zasu ƙafe? Ƙazantar banɗakuna ina zata bi, kiɗa ƙarfe nawa za a kashe? Idan aikin babba ne kuma sai an yi binciken illarsa ga muhalli, abin da Amurka ta fara tilastawa a 1970 sauran ƙasashe suka bi baya. A wurare da yawa har sanarwa ake liƙawa don maƙwabta su kawo ƙorafi, kuma gaskiya gara ka ji ƙorafin nan tun abin yana kan takarda.

Bakin teku fa, naga can ne kuɗin yake?

Can ne kuma dokar ta fi tsanani. Faransa a 1986 ta hana gini a cikin mita 100 daga gaɓa a wuraren da gari bai riga ya cinye ba, Sifaniya ma a 1988 ta ware mita 100 a matsayin wurin kariya. Kuma a Sifaniyar ne akwai labarin da ya kamata duk mai wannan niyya ya sani, otal ɗin El Algarrobico a yankin Almeriya. A 2003 aka fara gininsa, hawa 21, ɗakuna 411, ga lasisi daga ƙaramar hukumar Carboneras a hannu, amma ginin kimanin mita 14 ne kacal daga ruwa kuma a cikin gandun Cabo de Gata da aka keɓe, sai kotu ta tsayar da aikin a 2006 lokacin saura ƙiris a gama. Shekara da shekaru ana ja a kotu, ginin ya zama farin kango a jikin dutse, baƙo ko ɗaya bai taɓa kwana a ciki ba. Kaga kenan hatimin ƙaramar hukuma baya wanke ka idan dokar da ke samansa ta ce a'a.

Amma waɗannan dokoki basa korar masu zuba jari?

Jan ƙafa da yawo daga ofis zuwa ofis suna kora, wannan ba musu. Sai dai a ganina rashin dokar ya fi tsada. Tsibirin Boracay na Filifin an bar kowa ya gina yadda ya ga dama, otal-otal suna sakin ƙazanta kai tsaye cikin tekun da baƙin suka biyo kuɗi don su yi wanka a ciki, ƙarshe a Afrilun 2018 gwamnati ta rufe tsibirin gaba ɗaya har wata shida, aka yi rusau ga gine-ginen da suka shiga mita 30 na bakin ruwa, mai laifi da marar laifi kowa ya zauna babu ciniki. A tsibirin Bali na Indonesiya kuwa da daɗewa suka ƙayyade tsayin gini a mita 15, wai kada ya wuce bishiyar kwakwa, kuma baƙi basu daina zuwa ba.

Manyan kamfanoni ma haka suke bin layi?

Ba ko yaushe ba fa. Kamfanin Disney da zai gina wurin shaƙatawarsa a jihar Florida ta Amurka, ta bayan fage ya saye fili kusan eka 27,000 da sunayen wasu ƙananan kamfanoni don kada farashi ya tashi, sannan a 1967 jihar ta ƙirƙiro masa gunduma ta musamman, Reedy Creek, inda kusan shi ke ba kansa izinin gini. Sai 2023 aka mayar da naɗin shugabannin gundumar hannun gwamna. Mai ƙaramin jari kada ya sa rai da irin wannan gata.

Idan kusa da wurin tarihi ne, UNESCO, hukumar raya al'adu ta Majalisar Ɗinkin Duniya, zata hana ni?

Bata da ikon tsayar da katafila, na ƙasar da wurin yake ne. Abin da take iyawa shine ta cire wurin daga jerinta na wuraren tarihi na duniya, ta yi wa kwarin Elbe na Dresden a Jamus haka a 2009 saboda wata gada, ta yi wa Liverpool a 2021 saboda sababbin gine-ginen bakin ruwa. Tsoron wannan ne yasa hukumomi suke bin tsayin gini da kamanninsa da ƙwaƙƙwafi a irin wuraren.

Ni ba gini zanyi ba, gidana kawai zan riƙa ba baƙi haya ta Airbnb, manhajar hayar gida ta 'yan kwanaki.

Shi ma a birane da yawa canjin amfani ne, sai da lasisi. Kuma lasisin ba na har abada bane, Barcelona a 2024 ta sanar cewa zuwa ƙarshen 2028 zata daina sabunta na gidaje kusan 10,000 da ake ba masu yawon buɗe ido, saboda haya ta gagari 'yan gari. Don haka kafin ka ci bashi ka gyara ɗakuna, je hukumar garin da gidan yake ka tambayi shekara nawa lasisin yake ɗauka da kuma ko suna da niyyar ci gaba da bayarwa.