Bobby Orr

Robert Gordon Orr, wanda duniya ta fi sani da Bobby Orr, tsohon ɗan wasan hoki na kan ƙanƙara ne ɗan ƙasar Kanada. An haife shi ranar 20 ga Maris, 1948, a garin Parry Sound da ke lardin Ontario. Ya buga wasa a matsayin ɗan baya a gasar NHL, babbar gasar hoki ta Arewacin Amurka, daga 1966 zuwa 1978: shekara goma a ƙungiyar Boston Bruins, sai ɗan abin da ya rage a Chicago Black Hawks. Ya ɗauki Kofin Stanley, kofin zakarun gasar, sau biyu, a 1970 da 1972, kuma har yau shi kaɗai ne ɗan bayan da ya taɓa fin kowa maki a gasar. Ciwon gwiwa ya raba shi da wasa yana da shekara 30.

Matsayin ɗan baya

A hoki kowace ƙungiya tana saka mutum shida a fili: mai tsaron gida, 'yan baya biyu, 'yan gaba uku. Suna sulu a kan ƙanƙara da takalma masu kaifin ƙarfe a ƙasa, suna kora wani ɗan faifan baƙar roba da sanduna masu lanƙwasa. Ana buga zango uku, kowanne minti 20. Wanda ya ci ƙwallo yana samun maki ɗaya, wanda ya miƙa masa aka ci shi ma maki ɗaya.

Kafin zamanin Orr aikin ɗan baya sananne ne: ya tsaya kusa da gidansa, ya tare mai shigowa da ƙirji da kafaɗa, ya ƙwace faifai ya miƙa wa 'yan gaba. An sami 'yan baya masu hawa kafin shi, irin su Eddie Shore da Doug Harvey da Red Kelly, amma babu wanda ya mayar da hawan sana'arsa ta kowane dare.

Ƙuruciya

Parry Sound ƙaramin gari ne a gaɓar Georgian Bay, inda ruwa ke daskarewa watanni a lokacin hunturu, yara su mayar da shi filin wasa. Orr ne na uku cikin 'ya'ya biyar. Kakansa na wajen uba ɗan ƙwallon ƙafa ne da ya yi ƙaura daga Ballymena a arewacin Ireland. Mahaifinsa ya yi aikin sojan ruwa a Yaƙin Duniya na Biyu, daga baya ya kama aiki a wata masana'antar nakiya da ke kusa da garin.

Ya fara sulu yana da kimanin shekara huɗu. Da farko ɗan gaba ne. Kocinsa Bucko McDonald, wanda shi ma tsohon ɗan bayan NHL ne, shi ya mayar da shi baya, kuma bai hana shi ɗaukar faifai ya shiga gidan abokan hamayya ba. A wajajen 1961 masu neman 'yan wasa na Boston suka je wata gasar yara a Gananoque don duba waɗansu yara daban, sai idonsu ya faɗa kan wani ɗan siririn yaro daga Parry Sound. Ɗaya daga cikinsu, Wren Blair, ya riƙa zarya gidan iyayensa har suka yarda. A 1962, yana da shekara 14, ya shiga Oshawa Generals, ƙungiyar matasa da ke ƙarƙashin Boston, yana karawa da samari 'yan shekara 18 zuwa 20. A kakarsa ta farko mahaifiyarsa ba ta yarda ya bar gida ba, don haka da mota ake kai shi wasa a dawo da shi. A kakarsa ta ƙarshe a Oshawa, 1965–66, ya ci ƙwallo 38, ya tara maki 94.

Zuwa Boston

Lokacin da ya isa, Boston na cikin mawuyacin hali. Rabon ƙungiyar da Kofin Stanley tun 1941, rabonta da shiga zagayen fitar da gwani tun 1959. Gasar ma ƙungiya shida ce kacal a lokacin. Ba a saba ganin sabon ɗan wasa ya zo da lauya wajen ciniki ba. Masu ƙungiya ne ke yanka albashi, yaro ya sa hannu. Orr ya zo da wani lauya ɗan Toronto mai suna Alan Eagleson, wanda ya zauna da manajan Boston Hap Emms har ya samo masa kwantiragin da ba a taɓa ba sabon shiga irinsa ba. Rahotanni sun sha bamban kan adadin kuɗin.

Ya sa riga mai lamba 4. A kakar 1966–67 ya ci ƙwallo 13, ya taimaka aka ci 28, ya karɓi kyautar Calder ta gwarzon sababbi, duk da cewa Boston ce ta ƙarshe a tebur. Harry Howell na New York Rangers, wanda ya lashe kyautar Norris ta gwarzon 'yan baya a shekarar, ya ce ya yi sa'a da ya same ta yanzu, domin daga nan ta zama ta Orr. Haka kuwa aka yi: Orr ya karɓe ta sau takwas a jere, daga 1968 zuwa 1975. A wannan kaka ta farko ne kuma ya fara samun rauni a gwiwar hagu.

A 1967 Boston ta karɓo Phil Esposito da Ken Hodge da Fred Stanfield daga Chicago, ciniki da ya sauya ƙungiyar gaba ɗaya. Orr ya ɗauko faifai daga baya, Esposito ya kafe a bakin raga yana jira.

Shekarun ganiya

A kakar 1969–70 ya tara maki 120, ƙwallo 33 da taimako 87, ya ɗauki kyautar Art Ross ta wanda ya fi kowa maki. Ga wanda ya saba da ƙwallon ƙafa, kamar a ce mai tsaron baya ne ya fi dukan 'yan gaban gasa yawan ci da bayarwa a haɗe. A kakar kuma ya haɗa da Hart ta gwarzon gasa, da Norris, da Conn Smythe ta gwarzon zagayen fitar da gwani. Babu wanda ya sake haɗa waɗannan huɗun a shekara ɗaya.

Ranar 10 ga Mayu, 1970, Boston ta karɓi St. Louis Blues a filin Boston Garden, wasa na huɗu a karawar ƙarshe, bayan ta ci ukun farko. Lokaci ya cika ana 3–3, aka shiga ƙarin lokaci, inda duk wanda ya fara ci ya gama. Orr ya tare faifai a gefen fili, ya tura wa Derek Sanderson da ke bayan raga, ya kutsa tsakiya. Sanderson ya mayar masa, shi kuma ya zura shi ta tsakanin ƙafafun mai tsaron gida Glenn Hall, daƙiƙa 40 da soma ƙarin lokacin. Faifan na shiga, sandar ɗan bayan St. Louis Noel Picard ta ɗaga masa ƙafa, ya tashi sama a kwance, hannuwa a miƙe, sanda a ɗage, baki buɗe yana ihun murna. Mai ɗaukar hoto Ray Lussier na jaridar Boston Record American ya kama shi a wannan hali, bayansa 'yan kallo sun fara miƙewa. Da wuya a sami hoton hoki da aka buga kamar wannan. Shi ne kofin Boston na farko cikin shekara 29, ƙarƙashin koci Harry Sinden.

Kakar 1970–71 ta fi ta baya a lissafi: ƙwallo 37, taimako 102, maki 139. Shi ne ɗan wasa na farko a kowane matsayi da ya kai taimako 100 a kaka guda, kuma 102 da 139 ɗin har yanzu babu ɗan bayan da ya kamo su. Akwai wani ma'auni da ake ƙara wa ɗan wasa ɗaya idan ƙungiyarsa ta ci yana fili, a rage ɗaya idan an ci ta, ban da ƙwallon da ƙungiya ta ci lokacin da ta fi abokiyar hamayyarta yawan mutane saboda an kori wani. Orr ya ƙare kakar da +124, wanda shi ma har yanzu babu wanda ya kamo shi. Duk da haka Montreal Canadiens ta fitar da Boston a zagayen farko cikin wasa bakwai, da wani sabon mai tsaron gida, Ken Dryden, wanda wasa shida kawai ya taɓa bugawa a gasar kafin nan.

A 1971 ya sa hannu a kwantiragin shekara biyar kan dala 200,000 kowace shekara, kwantiragin dala miliyan ɗaya na farko a tarihin NHL. A 1972 Boston ta doke New York Rangers cikin wasa shida, Orr ne ya ci ƙwallon farko a wasan ƙarshe da aka tashi 3–0, ya sake karɓar Conn Smythe da Hart ta uku a jere. Tiyatar gwiwa ta hana shi buga shahararriyar karawar Kanada da Tarayyar Sobiyet a watan Satumba na shekarar. A 1974 Boston ta sha kashi a hannun Philadelphia Flyers a karawar ƙarshe. A 1974–75, ƙarƙashin Don Cherry, ya ci ƙwallo 46, ya tara maki 135, ya sake fin kowa. Kaka ta shida ke nan a jere da ya wuce maki 100, kuma ita ce cikakkiyar kakarsa ta ƙarshe. Paul Coffey ne ya karya tarihin ƙwallo 46 ɗin da 48 a 1985–86.

Salon wasa

Gudunsa a kan ƙanƙara ne tushen komai. Yakan ɗauki faifai daga bayan ragarsa a hankali, kamar ba shi da niyyar zuwa ko'ina, sai ya ƙara wuta farat ɗaya ya ratsa mutum uku ko huɗu. In faifan ya kuɓuce masa, yana da saurin da zai koma gida kafin a yi ɓarna, abin da ya sa masu horar da shi suka ƙyale shi. Idan an kori ɗan Boston na minti biyu suka rage mutum ɗaya, yakan riƙe faifai yana zagaya fili shi kaɗai har lokacin ya ci rabi. Da hagu yake riƙe sanda amma gefen dama yake tsayawa, kuma wannan ya sa gwiwar hagunsa ce ke fuskantar duk mai zuwa tare shi. Ba ya sa safa a cikin takalmin sulu, kuma zare ɗaya kawai na tef yake naɗawa a bakin sanda, inda sauran 'yan wasa ke naɗe shi duka.

Ba ya gudun faɗa. Ya tara minti 953 na hukunci, kuma yakan kwanta ya tare faifai da jikinsa a zamanin da yawancin 'yan wasa ko hular kwano ba sa sawa. Idan ya ci ƙwallo kuwa, sau da yawa sunkuyar da kai yake yi ya koma wurinsa.

Gwiwa, Chicago da ritaya

An yi masa tiyata a gwiwar hagu sau da dama, ana cewa sun haura goma. A wancan lokaci yanka gwiwar ake yi a cire guringuntsin da ya yage, don haka kowace tiyata na rage abin da ke tsakanin ƙashi da ƙashi. A 1975–76 wasa 10 kawai ya buga. A Yunin 1976 ya koma Chicago kan kwantiragin shekara biyar na dala miliyan 3.

Kafin ya fara can ya buga wa ƙasarsa gasar Kofin Kanada ta 1976, babbar gasar ƙasa da ƙasa guda ɗaya da ya samu a rayuwarsa ta ƙwararre. Abokan wasansa sun ba da labarin yadda yake ɗingishi da safe, da dare kuma ya fi kowa. Ya tara maki 9 a wasa 7, Kanada ta doke Cekoslobakiya a ƙarshe, aka zaɓe shi gwarzon gasa.

A Chicago ya buga wasa 20 a 1976–77, bai taka fili ba a kakar da ta biyo, ya gwada wasa 6 a 1978–79, ya ajiye sanda a Nuwamban 1978. An ruwaito cewa ya ƙi karɓar kuɗin cakin albashinsa na Chicago, yana cewa ba zai ci kuɗin wasan da bai buga ba. Jimillarsa a gasa: wasa 657, ƙwallo 270, taimako 645, maki 915. Ranar 9 ga Janairu, 1979, Boston ta jingine lamba 4 don girmama shi, ba wanda zai sake sa ta, 'yan kallo suka yi ta tafi na mintuna har aka kasa karanta jawabai yadda aka tsara. A shekarar aka shigar da shi Zauren Gwarazan Hoki ba tare da jiran shekara ukun da aka saba ba, yana da shekara 31, mafi ƙarancin shekaru a lokacin.

Rikici da Eagleson

Eagleson ba wakilin Orr kaɗai ba ne. A lokacin, tun 1967 shi ne shugaban ƙungiyar ƙwadagon 'yan wasan NHL, kuma yana da kusanci da masu ƙungiyoyi, ciki har da Bill Wirtz na Chicago. Orr ya damƙa masa dukan harkar kuɗinsa, yana ɗaukarsa kamar ɗan'uwa. Bayan ritaya, da aka bi lissafi, sai aka ga bashin da ke kansa ya kusa cinye duk abin da ya mallaka. Sun raba gari a 1980.

Daga baya ta fito cewa a 1976 Boston ta yi masa tayin da ya haɗa da kimanin kashi 18 cikin ɗari na mallakar ƙungiyar. Orr ya ce wakilinsa bai taɓa faɗa masa ba, ya bar shi yana zaton Boston ta gaji da shi.

Ɗan jarida Russ Conway na jaridar Eagle-Tribune a jihar Massachusetts ya shafe shekaru daga farkon 1990 yana tono yadda aka yi da kuɗin fansho da inshorar 'yan wasa. A Janairun 1998 Eagleson ya amsa laifin zamba a kotunan Boston da Toronto, aka yanke masa wata 18, ya yi shida a gidan yari. An soke lasisinsa na lauya, an karɓe lambar girmamawar Kanada da aka ba shi, kuma ya fice daga Zauren Gwaraza bayan Orr da waɗansu tsofaffin 'yan wasa sun ce ko shi ko su.

Bayan wasa

Ya farfaɗo ta hanyar tallace-tallace da hulɗa da kamfanoni. A 1996 ya shiga aikin wakilcin 'yan wasa, kamfaninsa ya wakilci matasa da dama, ciki har da Connor McDavid. Ya taimaka wa Derek Sanderson da kuɗin jinya lokacin da shaye-shaye ya kayar da shi. Ya yi aure a 1973, yana da 'ya'ya maza biyu. Littafin tarihin rayuwarsa ya fito a 2013. A 2020 ya fito ya goyi bayan Donald Trump, abin da ya jawo masa suka daga wani ɓangare na masoyansa.

Yana cikin mutum takwas da suka ɗauki tutar Olamfik a bikin buɗe wasannin hunturu na Vancouver a 2010. Ranar 10 ga Mayun shekarar, cika shekara 40 da ƙwallon St. Louis, aka buɗe mutum-mutuminsa na tagulla a ƙofar filin TD Garden da ke Boston, aikin Harry Weber, yana shawagi kamar yadda yake a hoton Lussier.