Ɗan feshi, cire kan famfon nan daga bakinka

Makon jiya aka sake kira na wata gonar tumatir a yankin Kadawa. Na tarar da saurayi kwance a kan kunya, famfon feshi yashe a gefensa, gumi ya jiƙa shi sharkaf, yawu na dalala, yana ta sheƙa amai. Bayan ya dawo daga asibiti na tambaye shi me ya faru. Ya ce, "Malam, kan famfon ne ya toshe, na ɗan hura." Na ɗan hura! Wallahi na gaji da jin maganar nan.

Ƙannena, ni mai son sana'ar nan taku ne. Daga Kura zuwa Garun Malam, duk inda ruwan madatsar Tiga ya kai, mai famfo ba ya kwana da yunwa, rani da damina. Tun da tsutsar nan da ake kira sharon ta cinye tumatir a 2016 manoma suka ƙara dogara da feshi. Na san yara da suka gama sakandare, suka gaji da yawon neman aikin ofis, suka goya famfo, yau ga su da babur, wasu har sun kama hayar fili suna noman kansu. Ina alfahari da ku.

Amma ana biyan ku ne da yawan tankin da kuka fesa, shi ya sa kuke gaggawa. Lita 16 a bayanka, rana na dukan ka, kan famfo ya toshe, sai ka kwance shi ka kai baki, fuuu! Haba ɗan samari! Abin da ya kashe tsutsa, ya ƙone ciyawa ƙurmus cikin kwana biyu, shi kake sa wa a leɓenka? Ga tsinken ciyawa a ƙasan ƙafarka, ga ruwa a bokiti. Minti nawa zai ci maka?

Maganin ciyawa mai sinadarin paraquat ba shi da makari, ko a babban asibiti. Kurɓi ɗaya na iya kashe mutum, kuma huhu yake ci a hankali: yau ka ga yaro ya miƙe yana dariya, bayan 'yan kwanaki numfashi ya gagare shi. Hukumar NAFDAC ta haramta shi, amma kada ku ɗauka ya ƙare a kasuwa. Wanda kuke hurawa, kun ma karanta me aka rubuta a jikin robar?

Sai ku ce mini, "Ai mun sha nono bayan aiki." Wani ya ce manja. Wa ya gaya muku nono na kashe guba? Ba ya kashewa. Ku sha furarku don yunwa, amma kada wani ya hura famfo da baki yana taƙama da ƙwaryar nono. Wai kuma "jikina ya saba". Ciwon kan da kake kwana da shi duk ranar feshi, da jirin da ke ɗibar ka a kan babur, shi ne sabon?

Ku ma masu gona da laifinku. Ka ɗauki ɗan wani aiki, ka miƙa masa famfo mai yoyo da ke jiƙa masa gadon baya, ka koma inuwa. Ɗanka ne da ka yarda?

A gurguje:
- Kan famfo ya toshe, a wanke da ruwa, a zungure da tsinken ciyawa. Ban da baki.
- A dama magani da sanda, hannu sanye da safar roba.
- Riga mai dogon hannu, dogon wando, takalmin ruwa, abin rufe hanci.
- Feshi da sassafe ko da yamma, kada iska ta dawo maka da shi fuska.
- Ba goro, ba sigari, ba cin abinci sai an yi wanka da sabulu.
- Robar magani a huda ta, kada ta koma ta ruwan sha.

In wani ya faɗi, a cire masa kayan, a wanke jikinsa, kada a ɗura masa komai, a garzaya asibiti tare da robar maganin don likita ya ga sunansa. Ranar kasuwa ina bakin rumfar masu maganin gona, duk wanda famfonsa ke yoyo ya kawo mu duba.