Matsalar direban hoto a Linux

Direban hoto, wanda masu gyara a Garwa da Marwa da Njamena suka fi kira pilot saboda Faransanci, ƙaramar manhaja ce da take sa Linux ya yi magana da katin hoto na kwamfuta. In ya samu matsala sai allo ya yi baƙi ƙirin bayan tambari ya wuce, ko komai ya yi ƙato-ƙato, ko hoto ya riƙa kyarma, ko a jona majigi ya ƙi fitowa. Mutane da yawa suna cewa allo ne ya mutu alhali lafiyarsa lau, kuma wannan abin yana min ciwo don ana yar da mashin mai kyau a banza.

Kamfani uku ne ke yin yawancin katunan. Na Intel da AMD direbobinsu a buɗe suke, suna zuwa a cikin ƙwayar Linux ɗin, wato kernel, zuciyar tsarin, i915 na Intel, amdgpu da radeon na AMD, shi ya sa ba su cika wahalar da mutum ba. Nvidia ne mai rigima, yana da direba biyu, akwai nouveau wanda masu sa kai suka rubuta, akwai kuma na kamfanin da sai an sauke shi daban. A 2022 ne kamfanin ya buɗe wani ɓangare na nasa amma na katunan zamani kawai, daga jerin Turing zuwa sama, to mu kuma yawancin kwamfutocin da ke shigo mana okaziyo ne na Turai, tsofaffin katuna da ke buƙatar direban Nvidia mai lamba 340 ko 390 waɗanda an daina sabunta su, irin waɗannan gara a bar su a kan nouveau a huta.

Kafin a taɓa komai a fara shiga BIOS, wato shafin saitin kwamfutar da ake iya buɗewa tun kafin Linux ya tashi. In layuka ko tabo suna nan tun a can to ba direba ba ne, ƙarfe ne, galibi ƙurar hunturu ta toshe fanka ko zafin Afrilu ya gasa katin ko wayar allo ta saki.

In kuwa BIOS fes yake sai a danna Shift ko Esc lokacin kunnawa don GRUB, wato jerin zaɓin da ke tayar da Linux, ya fito, a danna e, a nemi layin da ke farawa da linux a ƙara nomodeset a ƙarshensa, sannan F10. Nan fa ake shan wahala a wajenmu, domin allon rubutun da muke da shi AZERTY ne, tsarin Faransanci, shi kuma GRUB yana karanta shi a matsayin QWERTY, tsarin Turanci, ka danna m sai wata alama ta fito, harafin m ɗin yana kan maɓallin waƙafi ne kusa da n. Na ga yaro a shagon gyara ya goge ya sake rubutawa har sau biyar yana zufa. Nomodeset dai ba magani ba ne, ƙofa ce kawai ta shiga a gyara.

Bayan an shiga, ko ta Ctrl+Alt+F3 mai buɗe shafin buga umarni in allon bai dawo ba, umarnin lspci -k yana nuna sunan katin da direban da ke riƙe da shi. A Ubuntu, sudo ubuntu-drivers install yana zaɓo wanda ya dace, sai dai a tanadi data don na Nvidia yana cin ɗaruruwan mega. Secure Boot, wani saitin tsaro a BIOS, shi ma yana hana direban da ba a sa masa hannu ba tashi. Wani lokacin kuma rikicin na Wayland ne, sabon tsarin nuna hoto a allo, a wajen shigar da kalmar sirri a zaɓi tsohon tsarin, Xorg, in sigar Linux ɗin tana da shi.

Ɗauke wuta a tsakiyar sabuntawa shi ne babban abin da ke jawo mana matsalar direba, batiri ya mutu, sabuwar ƙwaya ta shiga direba bai gama haɗuwa ba. A GRUB a zaɓi tsohuwar ƙwayar a tashi da ita, a buga sudo dpkg --configure -a ya ƙarasa aikin da ya yanke, sannan a sake kunnawa.