Wane imel ya kamata matafiyi ya riƙe?

Biza, tikitin jirgi, takardar otal, yanzu duk ta imel suke zuwa. Wanda ya kasa buɗe akwatinsa a filin jirgi shi ya san darajarsa. Ga tambayoyin da 'yan kasuwa da maniyyata suka fi yi kafin tafiya.

Tsakanin Gmail, Outlook, Yahoo da Proton, wanne ya fi?

Ga yawancin mutane, Gmail. Mai wayar Android yana da shi ko bai sani ba, domin da shi aka yi wa wayar rajista. Google na ba da gigabait 15 kyauta, amma wasiƙu da hotuna da abin da ka ajiye a Drive, wato ma'ajiyar fayiloli ta Google, duk a ciki suke rabo. In hotunan biki suka cinye wurin, sabon saƙo ba zai shigo ba, ko da na biza ne. Outlook na Microsoft, wato tsohon Hotmail, shi ma yana ba wasiƙu gigabait 15. Proton Mail, wanda aka kafa a Suwizalan a 2014, ya fi su tsare sirri, sai dai wurin ajiyarsa na kyauta bai wuce gigabait 1 ba, 'yan takardun kaya kaɗan za su cika shi. Yahoo kuwa, a 2013 an yi masa kutsen da ya shafi asusu biliyan 3. Mai tsohon Yahoo ya canza kalmar sirri ya ci gaba da abinsa, amma ban ga dalilin buɗe sabo don tafiya ba.

Chaina zan je saro kaya. Gmail zai yi?

Ba zai yi ba. Tun ƙarshen 2014 aka toshe Gmail a ƙasar Sin, kuma Yahoo ya janye ayyukansa daga can a 2021. Wanda ya sauka Guangzhou ya hau intanet ɗin otal, zai ga akwatin yana ta juyawa bai buɗe ba. Outlook galibi yana aiki, don haka ka buɗe shi tun kana gida, ka shiga saitin Gmail ka sa ya riƙa tura wasiƙunka can. Masu masana'anta ma ta WeChat, manhajar hira ta Chaina, suka fi magana, imel na takardun kuɗi ne da na jigilar kaya. Dubai, Saudiyya, Masar da Turkiyya babu wannan matsalar.

Me ya sa imel ke ƙin buɗewa da zarar mutum ya bar ƙasa?

Nan ne gizo ke saƙa. Kamfanin ya saba ganinka kana shiga daga Kano ko Maradi, kwatsam sai ga wani daga Jidda, a sabuwar waya, yana cewa shi ne kai. Dole ya yi shakka. Sai ya tura lamba ta tes zuwa layin da ka yi rajista da shi. Layin kuma yana ina? An cire shi an sa na Saudiyya, ko an bar wa uwargida a gida, ko kuma tsohon layi ne da ya ɓata tuni har kamfani ya sayar wa wani. Kalmar sirri tana hannunka, amma ƙofa a rufe.

Maganin wannan a gida ake yin sa. Ka duba lambar wayar da ke kan asusun, ka tabbata wadda kake amfani da ita ce. Ka ƙara adireshin imel na biyu na wani kamfanin dabam, yadda ɗaya zai ceci ɗaya. Sannan, a sashen tsaro na Google, bayan ka kunna tantancewa mai mataki biyu, wato neman lamba bayan kalmar sirri, akwai lambobin ko-ta-kwana guda 10 da ke maye gurbin lambar tes, kowace mai alƙaluma 8, kowace sau ɗaya take aiki. Ka rubuta su a takarda ka ajiye wurin da wayar ba ta, domin ɓarawon da ya ɗauki waya da jaka tare ya gama da kai. Manhaja irin Google Authenticator ma tana fitar da lamba ba tare da layi ko data ba. A ganina wannan shiri ya fi zaɓen kamfani muhimmanci nesa ba kusa ba.

Ejan ne ya buɗe min imel lokacin neman biza. Da matsala?

Akwai. Sau da yawa lambar wayarsa ce a kai, kuma ya san kalmar sirri. Ranar da kake son shiga Nusuk, manhajar Saudiyya ta masu Hajji da Umara, don neman izinin ziyarar Rauda aka ce an tura lamba imel ɗinka, sai ka kira Najeriya kana roƙo. Ka karɓi asusun, ka canza kalmar sirri da lambar waya a gabansa. Dattijon da bai iya ba, ɗansa ko jikansa ya yi masa.

In babu data fa?

Manhajar Gmail a Android tana riƙe wasiƙun kwana 30 da suka wuce, ana karanta su babu intanet. Amma takardar da aka liƙa a jikin wasiƙa, kada ka dogara da ita sai ka sauke ta cikin waya. Biza da tikiti, ka sauke, ka kuma buga su a takarda. Jami'in shige da fice ba zai jira ka nemo sabis ba.

Zan iya buɗewa a kwamfutar otal ko wayar abokin tafiya?

In dole ta sa. Kada ka yarda kwamfutar ta adana kalmar sirri, ka fita daga asusun in ka gama, ka canza kalmar da zarar wayarka ta dawo hannu. Intanet ɗin otal a wayarka ba abin tsoro ba ne sosai, haɗin manyan kamfanonin imel ɗin nan a tsare yake daga masu leƙe. An fi cutar matafiya da wasiƙar bogi mai cewa an soke tikiti, a danna nan a sa kalmar sirri.

Imel ɗin da na buɗe don tafiya kawai, zai jira ni har wata tafiyar?

Ba har abada ba. Tun Disambar 2023 Google ke da damar goge asusun da ya shekara 2 ba a shiga ba, wasu kamfanonin ma shekara 1 suke bayarwa. Ka riƙa leƙawa bayan 'yan watanni, ko da babu wasiƙar da kake jira.