Waiwaye: Daga karkanda zuwa farin doki mai ƙaho ɗaya

Duk wanda ya leƙa shagon kayan yara a yau zai gan shi a jikin jakar makaranta ko rigar barci: farin doki mai geza kala-kala, da murɗaɗɗen ƙaho guda a tsakiyar goshi. Turawa na ce masa yunikon. Ba a taɓa kama shi a wani daji ba, amma ya haura shekara 2,000 a bakin mutane, kuma ba da wannan kyan ya fara ba.

Wajen shekara 400 kafin haihuwar Annabi Isa, wani likita Bagirke mai suna Kitesiyas, da ke aiki a fadar sarkin Farisa, ya rubuta abin da matafiya ke faɗa game da Indiya. Shi kansa bai taɓa taka ƙasar ba. Ya ce akwai jakin jeji mai farin jiki da jan kai, ƙahonsa fari a gindi, baƙi a tsakiya, ja a tsini, kuma wanda ya sha ruwa a ƙoƙon da aka sassaƙa da shi, guba ba ta cinsa. Masana da dama na ganin karkandar Indiya ce, mai ƙaho ɗaya, labarinta ya sauya kama a hanya. Larabawa da Farisawa ba su yi nisa da gaskiya haka ba. Karkaddan suke ce mata, kuma daga nan Hausa ta samo kalmar karkanda. Ibn Battuta ya ba da labarin ya gan ta da idonsa bayan ya haye kogin Sind. Matafiyin nan Bature, Marko Polo, ma ya gan ta a tsibirin Sumatra, ya ce mummuna ce mai son birgima a taɓo, ko kusa ba ta yi kama da abin da mutanensa ke zato ba.

Turai ba ta saurare shi ba. Can an riga an mai da dabbar tatsuniyar alamar tsarki, wai ba maharbin da zai iya kama ta sai in ta ga budurwa ta zo ta ɗora kai a cinyarta. Haka aka saƙa ta a manyan dardumomin bango wajen 1500, shida na gidan tarihi na Kuluni a Paris, bakwai kuma a New York.

Inda labarin ya fi kama ni shi ne cinikin ƙahon. Sarakunan Turai na zaune cikin fargabar a zuba musu guba a abinci, don haka suka riƙa sayensa da tsadar da ta fi ta zinariya. To daga ina yake fitowa, tunda dabbar babu ita? Daga tekun ƙanƙara na wajen Girinlan. Haure ne na wata dabbar ruwa, narwal, wanda ke fitowa ta leɓen namijinta, miƙaƙƙe, a murɗe kamar igiya, tsawonsa kan kusa mita uku. A 1638 masanin nan na Denmak, Ole Worm, ya nuna hauren manne da ƙoƙon kan dabbar, asiri ya tonu. Duk da haka a 1671 aka naɗa sarkin Denmak a kan karagar da aka ƙera da irin wannan hauren. Tana nan har yau a fadar Rosenborg.

Sauran tafiyar gajera ce. Sikotlan ta ɗauki yunikon tambari, bayan 1603 ya tsaya gefe da zaki a tambarin masarautar Birtaniya. A 2013 Aileen Lee, wata mai zuba jari a Amurka, ta laƙaba sunan ga duk sabon kamfanin da darajarsa ta kai dala biliyan ɗaya, irin su Flutterwave, kamfanin biyan kuɗi ta intanet da ’yan Najeriya suka kafa.

Ita kuwa karkanda, wadda aka fara tatsuniyar a kanta, camfin ƙaho bai sake ta ba. Ƙahon nata abu ɗaya ne da farce da gashi, ba ya maganin komai, amma har gobe ana harbe ta dominsa a kai kasuwannin Asiya. Baƙar karkandar yammacin Afirka ta ƙare zamanta a dazukan arewacin Kamaru, nan maƙwabtanmu. Masu bincike sun karaɗe yankin a 2006 ba su ga ko ɗaya ba, a 2011 aka sanar cewa irinta ya ƙare.