Sa ido kan rikici da laifuka: me ake ƙirgawa, kuma wa zai amfana?

Me ake nufi da sa ido kan rikici?

Aiki ne na rubuta duk wani tashin hankali da ya auku a wani yanki, a kai a kai, bisa tsari guda: ranar da ya faru, wurin, waɗanda abin ya shafa, makamin da aka yi amfani da shi, mutum nawa suka mutu ko suka jikkata, da abin da ake cewa ya jawo shi. Faɗa guda ɗaya labari ne kawai da za a yi a manta. Amma idan aka jera na wata shida ko na shekara biyu, sai a fara ganin abin da ido bai kama ba a da: cewa faɗan yana dawowa a wuri ɗaya, ko a lokaci ɗaya na shekara, ko kuma kullum kisa ɗaya yana haifar da ramuwar gayya cikin 'yan kwanaki.

Me ya sa ake haɗa laifuka da rikici a ma'auni ɗaya? Ai ba abu ɗaya ba ne.

A takarda sun bambanta, amma ga wanda aka kashe masa ɗa duk ɗaya ne. Ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai kula da miyagun ƙwayoyi da laifuka ya ƙiyasta cewa a shekarar 2017 kisan kai ya ci rayuka kimanin 464,000 a duniya, alhali yaƙe-yaƙe sun ci kimanin 89,000. Wanda ke neman zaman lafiya ya zuba ido kan fagen daga kaɗai, ya bar mafi yawan gawarwakin a bayansa. Bayan haka, ɗaya yakan rikiɗe ya koma ɗaya. Satar dabbobi laifi ne, amma in aka ɗora ta a kan wata ƙabila gaba ɗaya, aka tashi ɗaukar fansa, ta zama rikicin al'umma.

Su wa ke wannan aiki a duniya?

Akwai manyan rumbunan bayanai. Na Jami'ar Uppsala da ke Suwidin ba ya kiran abu rikicin makamai sai an samu aƙalla mutum 25 da suka mutu a fafatawa cikin shekara guda. Ƙungiyar ACLED kuwa, mai tattara bayanan rikici a duniya, kowane lamari take rubutawa ɗaya bayan ɗaya, har da zanga-zanga da tarzoma, kuma tana sabunta bayananta duk mako. A gabashin Afirka ƙungiyar ƙasashen yankin, IGAD, ta kafa CEWARN, tsarin ba da gargaɗi kafin rikici ya ɓarke, a 2002, ta fara da rikicin makiyaya da ke tsallake iyakoki a yankin Karamoja da ke iyakar Uganda da maƙwabtanta. ECOWAS na da nata tsarin, ECOWARN, wanda ke aiki tare da WANEP, ƙungiyar gina zaman lafiya a yammacin Afirka, da wakilanta da ke cikin jama'a. Sai manhajar Ushahidi, wadda wasu 'yan Kenya suka ƙirƙira a farkon 2008, lokacin da rikicin da ya biyo bayan zaɓen Disamban 2007 a ƙasar ya ci rayuka sama da 1,000. Mutane na aiko da abin da suka gani ta saƙon waya ko ta intanet, ana ɗora shi a taswira. Sunan ma daga Suwahili yake, ma'anarsa shaida.

Akwai inda ƙirgar ta taɓa ceton rai da gaske?

Akwai, kuma misalan da suka fi burge ni daga likitoci suka fito. A 1992 wani likita, Rodrigo Guerrero, ya zama magajin garin Cali a Kolombiya, lokacin da kisa ya yi ƙamari a birnin. Kowa na cewa aikin dillalan hodar iblis ne. Shi kuwa ya ɗauki abin kamar annoba. Ya tarar da alƙaluman 'yan sanda da na masu binciken gawa ba su ma yi daidai da juna ba, sai ya sa suka riƙa zama tare a kai a kai suna daidaita lissafi. Da bayanan suka tsaya, sai ga shi kashe-kashen sun taru a ƙarshen mako, da ranakun biyan albashi, da lokutan bukukuwa, kuma giya da bindiga na da hannu a yawancinsu. Aka taƙaita lokutan sayar da giya, aka hana yawo da bindiga a irin waɗannan ranaku, kisa kuma ya ragu a ranakun da dokar ke aiki.

A birnin Cardiff na Birtaniya ma, wani likitan tiyata, Jonathan Shepherd, ya lura cewa da yawa daga cikin waɗanda yake ɗinke wa raunin duka ba su taɓa kai ƙara ga 'yan sanda ba. Sai asibiti ta fara tambayar kowane majinyaci inda aka ji masa ciwo, da lokacin, da abin da aka yi amfani da shi, ta miƙa wa hukuma ba tare da sunan kowa ba. Da wannan aka sauya wuraren sintiri, aka kuma matsa wa mashaya su daina amfani da kofunan gilashi masu saurin fashewa. Abin lura a misalan biyu shi ne, wanda ke karɓar bayanin yana da ikon yin wani abu a kai, kuma ya yi.

To in bayanin ya isa, ai shi ke nan?

A nan ne mafi yawan tsare-tsaren ke faɗuwa. Ranar 11 ga Janairun 1994, Janar Roméo Dallaire, kwamandan dakarun Majalisar Ɗinkin Duniya a Ruwanda, ya aika wa hedikwata a New York saƙo cewa wani ya tsegunta masa ana ɓoye makamai, ana kuma shirin hallaka 'yan ƙabilar Tutsi. Ya nemi izinin kai samame, aka hana shi. Cikin watan Afrilu kisan kiyashi ya fara, aka kashe kimanin mutum 800,000 cikin kwana 100. Gargaɗin ya iso wata uku kafin lokaci, wanda zai amsa shi ne babu.

Saboda haka a ganina, kafin a sayi kwamfuta ko a horar da mai kawo rahoto ko ɗaya, a fara amsa wannan tambaya: idan an kira da tsakar dare an ce matasa na taruwa da makamai, wayar wa za ta yi ƙara, kuma me yake da ikon yi kafin gari ya waye? Dole a san sunan mai sulhun da ɓangarorin biyu ke jin maganarsa, da jami'in tsaron da zai ɗaga waya, da kuɗin da za a kai su wurin. Rahoton da ke ƙarewa a ofis bayan wata uku, masu bincike kawai yake yi wa amfani.

Za a iya dogaro da alƙaluman?

Za a iya, muddin an san iyakarsu. Abin da suke nunawa shi ne abin da aka ba da rahotonsa, wanda bai kai duk abin da ya faru ba. Rumbun da ya dogara da jaridu zai cika da labarin birane, ƙauyen da babu hanya ko layin waya kuma ya fito kamar lafiya ƙalau yake. Fyaɗe da dukan mata a gida kusan kullum ba sa fitowa yadda suke, saboda kunya da tsoro. Wani lokaci ma adadi kan hau don kawai mutane sun fara yarda su kawo ƙara, ko don an ƙara masu rahoto a yankin. Adadin mamata kuwa shi ya fi kowane wuyar tabbatarwa, domin kowane ɓangare na da dalilin ƙarawa ko ragewa. Shi ya sa ba a rubuta lamari a matsayin tabbas sai an ji shi daga majiya fiye da ɗaya da ba su da alaƙa, kuma ana ware jita-jita a gefe da sunanta. Ba a zubar da ita, don ita kanta alama ce: raɗe-raɗin hari ya sha tayar da faɗa inda babu harin.

Sa idon kansa zai iya jawo ɓarna?

Ƙwarai. Mai kawo rahoto a cikin mutanen yake zaune, kuma da zarar an ɗauke shi ɗan leƙen asiri, rayuwarsa na cikin haɗari. Ba a ajiye sunansa tare da rahotonsa, ba a kuma fitar da bayanin da zai sa a gane wanda ya faɗa. Taswirar da ta shafa wa wata unguwa jan launi na iya jawo mata kamen kan mai uwa da wabi. Yadda ake rubuta lamari ma yana da nauyi: in mutum biyu suka yi faɗa kan iyakar gona aka rubuta shi da sunan addini ko ƙabila, an zuba wa wutar fetur da hannun masu son kashe ta. Kuma idan masu rahoton duk daga ɓangare ɗaya suke, ɗaya ɓangaren zai yi watsi da sakamakon tun bai karanta ba.

Ƙaramar ƙungiya mai ƙaramin ƙarfi, ta ina za ta fara?

Ta fara da yanki ƙarami da takarda ɗaya mai tambayoyi kaɗan, waɗanda ba za a riƙa sauya su ba, don a iya kwatanta bana da bara. Ta zaɓi masu rahoto daga kowane ɓangare, mata da matasa a ciki. Ta rubuta alamomin da kan riga faɗa zuwa: iyalai na kwashe kaya da dare, mutanen da suka saba cuɗanya sun daina, saƙonnin tunzuri na yawo a waya. Ta kuma rubuta sulhun da aka yi da faɗan da aka kashe tun yana ƙarami, domin daga nan ne za ta gane wane mai shiga tsakani ake saurara. Duk wata a zauna da mutanen yankin a karanta musu abin da aka tara, su gyara inda aka yi kuskure, a tashi da sunan wanda zai je wurin da abin ya fi tsami da ranar da zai je.