Tafiyar da ƙaramin asibiti: wa za a ɗauka, wa zai yi me?

Likita ya buɗe ƙaramin asibiti. Wa ya kamata ya fara ɗauka aiki?

Kowa zai ce nas, kuma gaskiya ne, aikin ba ya yiwuwa babu ita. Amma wanda aka fi rainawa shi ne mai zama a teburin karɓar marasa lafiya. Shi ke ɗaga waya, ya buɗe kati, ya karɓi kuɗi, ya lallashi uwar da ta shigo da yaro a kafaɗa jikinsa kamar wuta. Ranar da ya rikice, asibitin gaba ɗaya ya rikice: kati ya ɓace, likita na zaune a ɗaki shi kaɗai alhali benci cike yake da mutane. Kada a ba da wannan kujera don kawai ɗan'uwa ba shi da aikin yi. A nemi mai haƙuri, mai rubutu a tsare, wanda bakinsa ke da marfi, domin sirrin rashin lafiyar mutane ta hannunsa yake wucewa. A ba shi wata biyu ko uku na gwaji kafin a tabbatar da shi. Sai an gwada akan san na ƙwarai.

Ma'aikata nawa ne suka isa?

Ya danganta da yawan masu zuwa da irin aikin da ake yi. Likita, nas, mai kati da mai tsabta su ne tushe. Ɗakin gwajin jini da wurin ba da magani kowanne yana buƙatar ƙwararre mai lasisi, bisa dokar ƙasar da asibitin yake. Ƙarin mutum sai an ga inda aiki ke cushewa, ba don a cika gida ba, tunda albashi na cikin manyan abubuwan da ke cin kuɗin asibiti.

Me ke cinye lokacin likita?

Aikin da ba nasa ba. Mu yi lissafi. Likitan da ke ba kowane mara lafiya minti 15 zai ga mutum 32 a awa 8. Idan a cikin kowane minti 15 ɗin nan yana ɓata 5 wajen awon hawan jini, ɗora mutum a sikeli da laluben fayil, a rana ya zubar da minti 160, kusan awa uku ke nan. Nas za ta iya gama duk wannan kafin mara lafiya ya shiga, ta rubuta abin da ya kawo shi a saman katinsa. Likita ya buɗe kati ya tarar da zafin jiki da nauyi da ƙorafi a rubuce, sai ya fara daga inda iliminsa ke da amfani. Wasu likitoci ba sa iya sakin aiki, suna ganin babu mai yi kamarsu. Irin waɗannan su ne ke tashi ƙarfe goman dare, kuma layinsu bai ragu ba.

Yaya za a rage zaman jira?

A raba lokaci, kada a ce wa kowa ya zo da sassafe. A bar gurbi biyu ko uku babu kowa a kowace rana saboda wanda ciwo zai kawo ba shiri. Saƙon tes kwana ɗaya kafin ranar ganin likita yana rage masu mantawa. Sannan mai kati ya haddace waɗanda ba sa bin layi: mai ciwon ƙirji, mai numfashi da ƙyar, mai zubar jini, yaron da ke jijjiga, mai ciki da ta ga jini. Waɗannan kai tsaye ake shigar da su, maganar kuɗi ta biyo baya.

Magunguna da kayan aiki fa?

Kowane aiki ya zama da sunan mutum ɗaya a kansa. Idan aka ce "ku riƙa duba firij", babu mai dubawa. Yawancin alluran rigakafi ana ajiye su tsakanin digiri 2 zuwa 8 a ma'aunin Selsiyos, a duba safe da yamma a rubuta a takardar da ke manne a ƙofar firij ɗin. Maganin da wa'adinsa ya fi kusa shi ake jerawa a gaba. Akwatin zubar da allura a rufe shi idan ya kai kashi uku cikin huɗu. Wanke hannu kuwa tsohon darasi ne. Tun 1847 likita Ignaz Semmelweis ya nuna a Biyana, babban birnin ƙasar Austriya, cewa wanke hannu da ruwan kilorin ya rage mutuwar masu jego ƙwarai, amma har yau sai an sa ido kafin a yi. A ajiye sabulu da abin goge hannu inda ido zai faɗa musu.

Me ya sa ma'aikata ke guduwa?

Albashin da ba ya zuwa kan lokaci, da faɗa a gaban marasa lafiya. Gyara a yi shi a keɓe. A kuma koya wa kowa aikin na kusa da shi, don kada asibiti ya tsaya cak ranar da mai kati ya kwanta ciwo ko nas ta tafi hutun haihuwa. Taron minti goma kowace safiya, a tsaye, ya isa a san wa ke zuwa yau, me ya ƙare a sito, da sakamakon gwajin da har yanzu ba a kira mai shi ba.